Zauren Iyali: Kome Tsawon Wuya, Kai Ne Bisa

 

A fitowar da ta gabata mun yi alkawarin ci gaba da maganar kuɗin cefane da haƙƙin uwargida a cikinsa. Muna neman afuwa, za mu jinkirta wannan zuwa gaba, saboda wata magana ta taso wadda ba ta jira. Bayan an tashi daga karatun mata na ranar Asabar, wata baiwar Allah daga cikin iyayenmu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce tana son shawara. Ta ba mu izinin kawo maganar a nan, bisa sharaɗin kada mu ambaci sunanta ko unguwarsu.

Ta ce: "Malam, ɗana ne na uku. Shekararsa 16, bana zai zauna jarrabawar BEPC, amma sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. An auna shi a asibiti an ce ya kai mita 2 da santimita 3, kuma har yanzu ƙaruwa yake yi. Wani mutum ya gan shi yana ƙwallon kwando a gidan matasa, ya biyo shi har gida. Ya ce zai kai shi Amurka, kafin shekara uku yaron ya gina mana bene. Abin da yake so shi ne mu ba da miliyan 2 na sefa kuɗin takardu, kuma a sake wa yaron takardar haihuwa a rage masa shekara biyu. Maigida ya ce zai sayar da gonar gadonsa. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Malam, ko ni ce nake tare wa ɗana arzikinsa?"

Kafin mu faɗi amsar da muka ba ta, bari mu kawo labarin wani yaro Musulmi wanda ya fi ɗan Hajiya tsawo nesa ba kusa ba, kuma ya bi wannan hanya tun daga farkonta. Duk wanda ya ji yadda ta kasance da shi zai fi sanin abin da ake saye da abin da ake sayarwa a wannan ciniki.

Labarin ɗan Dakar

Sunansa Tacko Fall. An haife shi a birnin Dakar na ƙasar Senegal a watan Disamba na 1995. Yana yaro ƙwallon ƙafa yake so kamar sauran yaran unguwa, ƙwallon kwando ba ta dame shi ba. Tsawonsa ne ya sa masu wata makarantar horar da ƴan wasa a Dakar suka neme shi, kuma a shekarar 2012, yana da shekara 16, aka kai shi Amurka, alhali bai iya Ingilishi ba, wasan ma bai daɗe da fara koyonsa ba. Ya fara sauka a birnin Hiyuston, inda ya sami horo a hannun Hakeem Olajuwon, tsohon gwarzon wasan kuma haifaffen Legas. Daga nan ya koma wata makarantar sakandare a jihar Fulorida.

Hausawa kan yi wa dogaye ba'a su ce dogo da hankali dace ne. To, wannan dogon ya ƙaryata maganar. Cikin watanni ya naƙalci Ingilishi, ya yi fice a lissafi da kimiyya, kuma da ya shiga Jami'ar Tsakiyar Fulorida a 2015, fannin kimiyyar kwamfuta ya zaɓa. Duk da haka, hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta tsayar da shi da farko, ta ce ba ta gamsu da wasu darussan makarantar sakandaren da ya yi ba, sai a watan Nuwamba na wannan shekara ta sake shi ya yi wasa. Ku lura da wannan, iyaye: yaro mai ƙoƙari, wanda bai yi laifin kome ba, ya kusa rasa shekara guda saboda makarantar da manya suka zaɓa masa.

Ya yi shekara huɗu a jami'a. A 2017 aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa iya tsaron gida a rukunin jami'o'insu. A farkon 2018 kuma kafaɗarsa ta samu rauni, aka yi masa aiki, ya rasa ragowar kakar wasan. A watan Maris na 2019 jami'arsa ta kara da Jami'ar Duke, wadda a lokacin ake ganin babu kamarta, aka tashi 77 da 76, Duke ta sha da ƙyar. Amma ba wannan wasa ne ya fi tsaya mana a rai ba. A cikin wannan wata na Maris ne mahaifiyarsa ta sami zuwa Amurka ta gan shi, bayan kusan shekara 7 rabonsu da juna. Ta sallami yaro ɗan shekara 16, ta tarar da magidanci ɗan shekara 23. Duk uwar da ke karanta wannan shafi ta ƙirga azumi da bukukuwan Sallah na waɗannan shekaru babu ɗanta a gida, sannan ta faɗa mana nawa ne kuɗin wannan.

A wannan shekara aka auna shi a gaban ƙungiyoyin NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Da takalmi ya kai mita 2 da santimita 31. Idan ya buɗe hannuwansa, daga yatsa zuwa yatsa mita 2 da rabi ne. Idan ya miƙa hannu sama yana tsaye, yakan kai mita 3 da santimita 11, alhali bakin kwandon kansa mita 3 da santimita 5 ne daga ƙasa; wato yana taɓa shi ba tare da ya yi tsalle ba. Da tsawo kaɗai ake cin wannan kasuwa, da shi za a fara ɗauka. Sai ga shi an kira sunaye 60 a daren zaɓen sababbin ƴan wasa, babu nasa a ciki.

Me ya jawo haka? Wasan ya sauya. Ana son dogon da zai iya gudu daga kwando zuwa kwando ba ya haki, ya bi gajere mai zafin nama har tsakiyar fili, ya kuma jefa ƙwallo daga nesa ta shiga. Shi kuwa jikinsa ya kai wajen kilo 140, juyawa da sauri tana yi masa wuya. A kusa da kwando babu mai tare shi, domin a jami'a kusan uku cikin kowace jifa huɗu da ya yi sun shiga. Amma jifar da ake ba ɗan wasa idan an yi masa keta, wadda yake tsayawa a kan layi shi kaɗai babu mai tare shi, ko rabi ba ya ci. Irin wannan ƙwarewa tun ƙuruciya hannu yake sabawa da ita, shi kuwa ya fara a makare.

Daga baya ƙungiyar Boston ta ɗauke shi a ƙaramin kwantiragi, ya yi shekara biyu, sannan ya koma Kilibland. Ƴan kallo sun so shi ƙwarai, sukan yi ta kiran sunansa a ƙarshen wasa don a sako shi su gani. Amma a shekara uku wasa 37 kawai ya buga, yawancinsu na ƴan mintoci. A 2022 ya tafi ƙasar Sin, inda ya ci gaba da sana'arsa. Ba mu ce ya yi asara ba, Allah Ya kiyaye. Ya ci halalinsa, ya taimaki gidansu, an san shi da riƙo da addini da sanyin hali. Abin da muke so a gane shi ne, wannan yana cikin waɗanda suka dace. Ga tsawon da samun irinsa sai an tona, ga kaifin ƙwaƙwalwa, ga horon Olajuwon, amma duk da haka bene bai ginu cikin shekara uku ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙungiyoyin NBA 30 ne kacal, kuma sunaye 60 ɗin nan duniya gaba ɗaya ake yi wa rabonsu.

Ƙashi yana riga ƙarfi girma

Yanzu mu dawo kan jikin yaron, domin shi ne amanar da ke hannunmu. A bakin kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifai na guringuntsi, daga nan ne ƙashin yake ƙara tsawo. Wannan wuri ya fi sauran ƙashin laushi, kuma ga ƴaƴa maza ba ya gama ƙanƙamewa sai wajen shekara 16 zuwa 18, wani lokaci ma ya ɗara haka. A lokacin da yaro yake zabura, ƙashi yakan riga tsoka da jijiya miƙewa, sai jijiyoyin su ɗaure tamau. Shi ya sa za ku ji dogon yaro yana kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko a diddige, ko a gadon baya. Shi ya sa kuma yakan yi ta tuntuɓe da ɓarin kwano kamar ba shi ne da hannuwansa ba. Ba sakarci ba ne, jikin ne ya sauya masa awo kafin ya saba.

Ƙafar dogo kuwa ita ce ke biyan bashin tsawonsa. Joel Embiid na Yawunde ya fara wasan yana da shekara 15, ya tafi Amurka yana da 16, aka zaɓe shi na uku a 2014, amma karayar wani ɗan ƙaramin ƙashi a tsakiyar ƙafarsa ta zaunar da shi kakar wasa biyu cur kafin ya buga ko wasa ɗaya. Yao Ming na ƙasar Sin, mai mita 2 da santimita 29, ya ajiye wasa a 2011 yana da shekara 30 saboda ƙafa. Waɗannan suna da manyan likitoci a kansu dare da rana. Ina ga yaronmu da ke tsalle a kan daɓen siminti da takalmin da ya matse masa yatsu?

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Yawancin dogayen yara gadon tsawo suka yi, lafiyarsu ƙalau. Amma akwai tsawon da ciwo ne yake kawo shi. Wani lokaci ƙari ne yake fitowa a wata ƴar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke sarrafa girman jiki, sai ta riƙa zubo sinadarin girma fiye da kima. Alamominsa sun haɗa da yawan ciwon kai, da raunin gani, da girman hannu da ƙafa da muƙamuƙi. Akwai kuma ciwon da likitoci ke kira Marfan, wanda ake gado: mai shi yakan zama dogo siriri, da zara-zaran yatsu, da ƙirji mai lotsawa ko mai turowa, da matsalar ido. Haɗarinsa shi ne babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya takan buɗe a hankali, kuma wasa mai tsanani yana iya yaga ta farat ɗaya. A 2014 an gano wannan ciwo a jikin wani matashin Ba'amurke mai suna Isaiah Austin ana saura ƴan kwanaki a zaɓe shi a NBA. Ya yi kuka a ranar, amma gwajin ne Allah Ya sa ya zama sanadin tsirar ransa. Don haka duk yaron da tsawonsa ya yi wa na iyayensa da danginsa fintinƙau, likita ne farkon wanda ya kamata ya gan shi, tun kafin mai horarwa, balle dillali.

Yaro ne, ko da ya fi ubansa tsawo

Akwai wani zalunci da muke yi wa dogayen ƴaƴanmu ba da saninmu ba. Da mun ga yaro ya kere mu, sai mu ɗauke shi babba. Shi ne mai ɗaukar buhun gero, shi ne mai sauke tulu, idan yara sun yi faɗa shi ake duka a ce ai kai ne babba, alhali wataƙila shi ne ƙaraminsu. A hanya ana ce masa raƙumin dawa, a makaranta benci ya yi masa kaɗan, a kasuwa babu takalmi daidai ƙafarsa, a gida ƙafafunsa suna reto a bakin gado. Sannu a hankali sai ya fara ranƙwafawa don ya ɓoye tsawonsa, ya daina shiga mutane. Irin wannan yaro, ranar da wani baƙo ya ce masa tsawonka zinariya ne, ba zai ƙara jin maganar kowa ba, domin wannan ne karon farko da aka yabi abin da ake yi masa dariya a kai. Idan muna so kada dillali ya saye zuciyar ɗanmu, to mu riga shi gaya wa yaron cewa halittarsa baiwa ce daga Allah, kuma izgili da halittar mutum haramun ne, ko a bakin wa ya fito.

Ba kuma lalle ne sai an yi gaggawar fitar da yaro ba. Victor Wembanyama na Faransa, wanda aka haifa a 2004, ya shiga ƙungiyar Nanter yana da wajen shekara 10. Ƙungiyar Basalona ta Sifen ta gayyace shi wata gasa a 2018, amma ya koma ƙasarsa ya ci gaba da girma a hannun waɗanda suka san shi, ana kula da barcinsa da abincinsa, har da motsa yatsun ƙafarsa babu takalmi kafin wasa. Sai da ya kai shekara 19 ya tafi Amurka, a 2023, kuma shi aka fara zaɓa. Gaskiya ne Faransa tana da kayan aikin da ba mu da su. Amma darasin yana nan: sannu ba ta hana zuwa. A nahiyarmu ma ƙofofi sun ƙaru, domin NBA ta buɗe makarantar horarwa a Senegal a 2017, aka kuma fara gasar ƙungiyoyin Afirka a Kigali a 2021.

Abin da muka ce wa Hajiya

Mun ce mata ba ta tare arzikin ɗanta ba, tsaronsa take yi. Sannan muka ba ta waɗannan shawarwari, muka roƙe ta ta kai wa maigida cikin ladabi da taushin murya, domin shi ma son yaron ne ya sa yake neman rabuwa da gonarsa.

Na ɗaya, a kai yaron babban asibiti a duba zuciyarsa da idonsa da yanayin girmansa, kafin a ƙara maganar tafiya.

Na biyu, maganar rage shekaru a rufe ta. Ƙarya ce da shaidar zur, kuma zalunci ne ga yaran da za a haɗa shi gasa da su. Arzikin da aka kafa tubalinsa a kan takardar ƙarya, kullum mai shi yana cikin fargabar ranar tonon asiri.

Na uku, wanda ya ga zinariya da gaske ba ya cewa mai ita ya biya shi kafin ya ɗauka. A tambayi mutumin sunan makarantar, a nemi takardar karɓa daga makarantar kanta, a san gidan da yaron zai zauna da wanda zai biya kuɗin magani idan ya karye. A kai maganar ga hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, domin dokar hukumar wasan ta duniya ta taƙaita fitar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga ƙasa zuwa ƙasa. Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba, kada kuma fasfon yaro ya kwana a aljihun wani.

Na huɗu, ya zauna jarrabawarsa ta BEPC, ya nufi BAC. Gwiwa tana iya ƙarewa a dare ɗaya, abin da ke cikin kai kuwa yana nan har tsufa.

Na biyar, a bar shi ya yi wasansa a nan gida, amma da awo: kada ya yi ta tsalle kullum babu ranar hutu, ciwon da ya wuce mako biyu a kai shi asibiti, a sama masa takalmi daidai ƙafarsa ko da sai an yi odarsa. A ƙosar da shi da abin da muke da shi, wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da zogale da fura da nono, a rabu da ƙwayoyin ƙara ƙarfi na bakin tasha. Ya sami barcin awa 8 zuwa 10, domin a cikin barci ne jiki ya fi yin gininsa.

Na shida, a ɗaure masa salla da karatun Alƙur'ani tun yana gabanmu, domin su ne guzurin da zai tafi da su inda idonmu ba ya kaiwa. Olajuwon da muka ambata ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, kuma yana azumin Ramadan yana buga wasa. A watan Fabrairu na 1995, wanda ya dace da watan azumi, shi aka zaɓa gwarzon wata. Wasa bai hana shi ibada ba, saboda ya san wanne ne gaba.

Ƴan'uwa, masu karatun tafsiri sun san ƙissar Ɗalutu a cikin Suratul Baƙara, aya ta 247, sa'ad da mutanensa suka raina shi don ba shi da dukiya. Abu biyu aka ambata da aka fifita shi da su, ilimi da jiki, kuma malamai sun ja hankalinmu cewa ilimin aka fara ambata. Musulunci bai raina ƙarfin jiki ba, bai kuma hana wasan da ba ya shagaltar da mutum daga farilla ba. Amma ya jera mana abubuwa a kan tsarinsu, kuma kakanninmu sun faɗi irin wannan da harshensu da suka ce kome tsawon wuya, kai ne bisa.

Hajiya ta dawo bayan mako biyu. Ta ce maigida ya nemi mutumin ya kawo sunan makarantar a rubuce, ya ce zai dawo ranar Laraba, har yau ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Gona tana nan, an kuma ba yaron ranar ganin likitan zuciya. Ya yi fushi na ƴan kwanaki, ya ƙi cin tuwon dare, sannan ya huce. Muna roƙon limamanmu da shugabannin rassan ƙungiya su isar da wannan magana ga iyayen da ba su karanta boko, domin irin wannan mutum ba gida ɗaya yake shiga ba.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, dogayensu da gajerunsu, Ya ba su lafiya da ilimi mai amfani, Ya tsare su daga hannun mayaudara, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan maganar cefane in Allah Ya yarda.